Fitila A Madadin Rana: Kuɗin Wuta Ya Tilasta Wa Masu Noman Wiwi A Amurka Sake Ƙwai

Ran 1 ga watan Janairu na 2014 ne aka buɗe kantunan sayar da tabar wiwi bisa iznin hukuma a Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka. A lokacin nan maganar da ake ta yi ita ce ta haraji da tarbiyyar matasa, babu wanda ya kula da mitar lantarki. Amma kafin 2018 sai ga shi gonakin wiwi na cikin ɗaki suna shan kusan kashi 4 cikin 100 na dukan wutar birnin Denba. Mai karatu ya sani a nan Nijeriya noman wannan ganye laifi ne babba, tun dokar 1966, kuma saboda irinsa aka kafa hukumar NDLEA cikin 1989. To, amma rigimar fitilu da ta taso a can ta shafi duk wanda ke renon tsiro a ƙarƙashin rufi, ko na tumatir ne ko na latas.

Dalilin shiga ɗaki a fili yake. Shekara da shekaru ana noman a ɓoye, har masu yi suka saba. Ga sanyin hunturu. Ga shi kuma dokar Kolorado ta ce sai a wuri killatacce mai makulli. Wanda ya guji rana kuwa, tilas ya sayi haske da kuɗinsa. Wani masani, Evan Mills, ya yi lissafi cikin 2012 cewa wannan noma yana cin kamar kashi 1 cikin 100 na wutar Amurka duka, da kashi 3 na wutar Jihar Kalifoniya.

Tsohuwar fitilar da aka saba da ita ita ce ta sodiyam, watau irin mai rawayan hasken nan da akan kafa bisa manyan tituna. Kowace ɗaya tana shan wat 1,000, a bar ta kunne awa 12 zuwa 18 kullum, ga zafi kamar bakin tanderu. Duk wutar da ta shiga rufaffen ɗaki, ƙarshenta zafi take komawa, saboda haka sai an sake biyan kuɗin wuta ga na'urar sanyaya ɗaki don ta fitar da shi. Biya biyu ke nan kan abu ɗaya.

Ita kuwa fitilar LED ta daɗe tana tafe. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske cikin 1962, amma shuɗiyar ta gagara sai farkon shekarun 1990, sa'ad da wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara, har aka ba su lambar Nobel cikin 2014. Da shuɗi ya samu, fari ya samu. Masu binciken sararin samaniya na Amurka su ma sun sa hannu, har cikin watan Agusta na 2015 'yan sama-jannati suka ci latas ɗin da aka rena da irin wannan fitila a tasharsu ta sama.

Inda masu saye suka fi faɗawa rami shi ne wajen awo. Idon ɗan Adam ya fi jin hasken da ke tsakanin kore da rawaya, kuma ma'aunin lumen da ake rubutawa jikin kwalin ƙwan gida, don idon mutum aka yi shi. Ganye ba ruwansa da wannan. Tun 1972 wani masani mai suna Keith McCree ya auna yadda ganyayen amfanin gona iri iri suke sarrafa haske, aka tsaya kan cewa hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 shi ne abincinsu, ja kuma ya fi kowane launi yi musu amfani. Don haka fitilar da ta kashe wa mutum ido tana iya zama mai rowa ga tsiro. Adadin wat ma ba shi ne ba, gama shi abin da fitila ta sha yake nunawa, bai faɗi abin da ta bayar ba. Daɗin daɗawa, wasu 'yan kasuwa sukan buga 1,000 jikin kwali alhali kuwa fitilar ba ta shan ko rubu'in haka.

Ma'aunin da masana suka yarda da shi shi ne yawan ƙwayoyin haske masu amfani da fitila ke fitarwa daga kowane jul na lantarki, ana ƙirga su da maikromol. Sodiyam mafi kyau tana ba da kamar 1.7. Fitilun LED na kirki sun wuce 2.5, wasu har sun haura 3. A ɗauki mai 2.7: da wat 630 za ta ba da hasken da sodiyam ke bayarwa da wat 1,000. In ana kunna ta awa 12 kullum, ragowar ta kai yunit 1,600 a shekara, kan fitila guda. Gona mai fitila dubu kuwa, mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Akwai kuma maganar launi. Fitilun farko ja da shuɗi kurum suke haɗawa, ɗaki ya koma shunayya, ganye ya yi baƙi ƙirin ga ido. Ma'aikaci bai iya gane ƙwaro ko funfuna sai ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa yawancin manyan gonaki suka koma farin haske da aka ƙara wa ja, ko da yake jan ƙwai zalla ya fi tsimin wuta.

Hukumomi ba su bar zaɓin ga ɗan kasuwa shi kaɗai ba. Wata ƙungiya mai tantance fitilu a Amurka da Kanada, DesignLights Consortium, ta fara da sharaɗin 1.9 cikin 2018, ta ɗaga shi zuwa 2.3 cikin 2023, kamfanonin wuta da yawa kuwa ba su mayar wa manomi rangwamen kuɗin fitila sai sun ga sunanta cikin jerin wannan ƙungiya. Jihar Masacusets ta ƙayyade wa manyan gonaki wat 36 kan kowace murabba'in ƙafa cikin 2018, abin da ya sa sodiyam ta yi wuyar zama. Kalifoniya ita ma ta sa sharaɗin 1.9 ga sababbin ɗakunan noma cikin 2023.

Amma fa kada a zaci an rabu da wahala. Fitilar LED ta fi tsada wajen saye, ƙaramin manomi kuma bashi yakan ci kafin ya ga ribar. Zafin nan na sodiyam da ake kuka da shi, ashe yana ɗumama ganye, yana kuma taimakawa wajen busar da danshi. Wanda ya cire ta a ƙasa mai sanyi sai ya ƙara kuɗin ɗumama ɗaki da na injin tsane raɓa. Masu noman tumatir cikin rumfunan gilashi a Holan sun ga haka, har da yawansu suka gauraya iri biyun, sai da tsadar gas ta 2022 ta sa wasu suka kashe fitilunsu ɗungum a lokacin hunturu.

Wani bincike na Jami'ar Jihar Kolorado da aka buga cikin 2021 ya nuna cewa, don samun kilo ɗaya na busasshen wiwi a cikin ɗaki, ana sakin hayaƙin kabon kilo 2,283 zuwa 5,184, gwargwadon garin da gonar take. Mafi ƙaranci a gaɓar kudancin Kalifoniya aka same shi, mafi yawa a tsibirin Hawayi. A cikin wannan lissafi fitila ba ita ce ta ɗaya ba. Na'urorin sanyaya ɗaki da ɗumama shi da sauya iska su ne suka fi ta ci.