Kokowa: kayen da aka saya da kuɗi

In an gama girbin hatsi, sai ganga ta tashi a Damargu. A kasuwar Belbeji da ta Tanut gardama ɗaya ce: wane yaro za a kai Damagaram bana? Samari suna son ƙato. Tsofaffi kuwa ƙafa da wayo suke dubawa.

A Tawa aka soma gasar takobi, a 1975. Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yanzu kowace jiha tana tura ƴan kokowa 10. Kafin yaro ya shiga cikin goman nan, sai ya kada na gundumarsa, kana ya kara da sauran a Damagaram.

Nan ne caca take ɓarna. Mutum ya zuba jika 20 a kan yaro guda. Tsoron hasara ya sa ya laɓaɓa wurin abokin karawar, ya ba shi jika 5 don ya faɗi. In ya karɓa, an ruɗi masu zaɓe. Rago ya tafi, gwani ya zauna gida. Ranar gasa, ɗan Doso ya kada ragon tun karon farko.

Wanda ya ga wannan ciniki, ya sanar da alƙalan wasa kafin a shiga fili.