Mabuɗi Ɗaya a Hannun Kowa: Yadda Ake Tantance Masu Shiga Kubernetes

A watan Fabrairun 2018 masu binciken tsaro na kamfanin RedLock suka bayyana cewa wasu sun kutsa cikin kwamfutocin da kamfanin motoci na Tesla ke haya a wurin Amazon, suna haƙar kuɗin intanet da su. Babu wata katanga da ɓarayin suka haura. Shafin da ake sarrafa tsarin Kubernetes na kamfanin ne suka tarar a buɗe, ko kalmar sirri ba a sa masa ba, a ciki kuma suka tsinci bayanan shiga wasu rumbunan ajiya. Idan haka ta faru da kamfanin da ke da ƙwararru da dukiya, to ya kamata banki ko jami'a ko ƙaramin kamfani su tsaya su duba tasu ƙofar.

Kafin a yi nisa, mene ne Kubernetes ɗin? Masu rubuta manhaja a yau sukan ƙunshe kowace manhaja da duk abin da take buƙata a cikin abin da suke kira kwantena, kamar dai kwantenar kaya da ke hawa kowane jirgi ko tirela ba tare da an kwance ta ba. Idan kwantenoni suka kai ɗaruruwa, suna gudana a kan rukunin kwamfutoci masu yawa, dole a sami mai rarraba su, mai tayar da wadda ta faɗi. Wannan aikin Kubernetes ke yi. Google ne ya fitar da shi a 2014, sunan kuma daga Girkanci yake, ma'anarsa matuƙin jirgin ruwa. Duk wanda ya riƙe akalarsa ya riƙe manhajojin gidan gaba ɗaya, har da sirrin da suke amfani da shi.

Abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne Kubernetes ba shi da rajistar mutane. Yana da asusu na manhajoji, amma babu inda za ka rubuta sunan ma'aikaci ka ce ga shi an yi masa rajista. Duk buƙatar da ta iso, tambaya biyu yake yi mata. Ta farko: kai wane ne? Ta biyu: me aka yarje maka? Ta biyun yana amsa ta da kansa ta hanyar rabon izini bisa matsayi, tsarin da ya kankama tun 2017. Ta farkon kuwa ya bar ta ga wani na waje ya kawo shaida. Ni a ganina wannan hikima ce, kuma yawancin matsalolin da ake samu daga kauce mata suke tasowa.

Ga yadda kaucewar take. Ranar da aka kafa rukunin, tsarin yakan samar da wani ɗan fayil mai ɗauke da takardar shaidar babban mai kula. Fayil ne ƙarami, layuka kaɗan da dogon jerin haruffa marasa ma'ana ga ido. Sai aiki ya matso, shugaban sashe ya tura wa abokin aikinsa, shi ma ya tura wa ɗan kwangila, kafin wata uku mutum goma suna shiga da suna ɗaya. Ranar da aka goge wani abu mai muhimmanci, kundin bibiya zai nuna cewa babban mai kula ne ya yi, alhali kowa babban mai kula ne. Mafi muni, Kubernetes ba shi da hanyar soke takardar shaida irin wannan da zarar an bayar da ita. Wadda kubeadm, wata manhajar kafa rukunin, ke fitarwa shekara guda take yi. Idan kuma takardar ta sa mai ita a rukunin da ake kira system:masters, babu wata dokar izini da za ta tare shi. Ma'aikaci ya bar aiki cikin fushi, mabuɗin yana aljihunsa.

Mafita ita ce a damƙa tantancewa ga mai ba da shaida guda ɗaya. Fatake sun san wannan tun da daɗewa: baƙo ba ya shiga kasuwa a ba shi bashi don ya faɗi sunansa, sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. A duniyar kwamfuta ana yin haka da ƙa'idar OpenID Connect, wadda aka kammala a 2014, ita ce kuma ke aiki duk lokacin da ka danna maɓallin shiga wani shafi da asusunka na Google. Ma'aikaci zai je wurin mai ba da shaida, ko Keycloak ne ko Microsoft Entra ID ko Okta, ya sa kalmar sirrinsa da lambar da ta zo a wayarsa. Sai a ba shi wata ƙaramar takarda mai sa hannun da ba ya jabuntuwa, ɗauke da sunansa da sashensa da lokacin da za ta mutu, galibi mintuna ko awa guda. Kubernetes ya duba sa hannun, ya yarda. Bai taɓa ganin kalmar sirrin ba. Ranar da aka sallami mutum, a wuri ɗaya za a rufe asusunsa, takardar hannunsa kuma ba za ta kai gobe ba.

Akwai masu cewa wannan tara ƙwai ne a kwando ɗaya: idan mai ba da shaidar ya tsaya, kowa ya tsaya a waje. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a cewa a ƙona takardar babban mai kula. A ajiye ta ne a kulle don ranar gobara, a kuma sa ƙararrawa ta kaɗa duk lokacin da aka taɓa ta. Manhajojin da ke gudana ma ba sa tsayawa, domin su da nasu asusun suke aiki. Wasu kuma sukan ce ba za su miƙa sunayen ma'aikatansu ga kamfanin Amurka ba. Ba dole ba ne. Keycloak da Dex manhajoji ne na kyauta da ma'aikata za ta iya girkawa a kwamfutarta, ta haɗa su da rajistar da take da ita tun asali. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙananan kamfanoni, masu mutum uku ko huɗu, da ke ganin wahalar ta fi amfanin. Na yarda akwai aikin yini ɗaya ko biyu a ciki. Amma ƙaramin kamfani ne ya fi yawan ɗaukar ɗan kwangila, shi ne kuma bai da mai bin sawun wanda ya tafi da me.

Su kansu masu gina tsarin hanyar da suka bi ke nan. A 2020 sun cire shiga da kalmar sirri da ake ajiyewa a fayil. OpenShift na kamfanin Red Hat, wanda aka gina a kan Kubernetes, yakan zo da asusun wucin gadi mai suna kubeadmin, tare da shawarar a goge shi da zarar an haɗa mai ba da shaida.

Mai karatu, ko ba ka taɓa ganin Kubernetes ba, idan kai ke shugabantar wurin da ke amfani da shi, kira masu kula da kwamfutocinka gobe da safe ka tambaye su mutum nawa ne ke riƙe da fayil ɗin babban mai kula, kuma cikinsu nawa ne suka riga suka bar aiki.