Yadda Ake Gane Ramin Yanyawa

A jigayin ƙasar Kaugama, inda rairayi ke da taushin haƙa, manomi yakan tarar da rami a gindin sabara ko kalgo. In kaji sun soma ɓacewa sai a ce yanyawa ce, a ɗauko fartanya. Amma raminta yakan kai yadi 15 tsawo, zurfi kuwa yadi 2 ko 3. Mutum ya yini yana haƙa, ga shi ta daɗe da tashi.

Ga dabara mai sauƙi. Da magariba a share bakin ramin da reshe, rairayin ya kwanta sumul, a dawo da sassafe. Yanyawa da dare take yawo. In tana ciki za a ga sawu kamar na ɗan kwikwiyo, yatsu 4 da alamar farce. Akan kuma sami sabuwar ƙasa, da gashin tsuntsu, da kashi mai fikafikan ƙwari, da wari. In gizo-gizo ya yi saƙa a bakin, ko ganye ya taru, kango ne. Ramin dabgi ya fi faɗi ƙwarai, beguwa kuwa takan yar da ƙayarta a ƙofa.

Kada a kuskura a sa hannu, gama maciji yakan gaji tsohon rami.

In an tabbata tana ciki, a tuna ɓeraye da fara take ci, masu ɓarnar gero. Gyaran akurki da rufe shi da dare ya fi haƙa riba.