Shekarun Da Ke Gaban Mai Son A Kira Shi Dakta

A gidaje da yawa a Arewa, da zarar yaro ya fara zuwa na ɗaya a aji, to an gama yanke masa sana'a. Kawunnai da gwaggwanni su kama kiransa "Dakta" tun bai gama firamare ba, shi kuma ya taso yana ganin ba shi da wata hanya sai wannan. Darajar ta samo asali tun zamanin Dakta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewacin Najeriya, wanda ya yi karatu a Ingila. Sai dai kaɗan ne cikin masu kiran sunan suka san abin da yaron zai taka kafin ya cancance shi.

Ƙofar kanta ƙunci gare ta. Sai ya ci jarrabawar JAMB da maki mai tsoka a Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan ya yi gogayya da dubban irinsa, domin hukumar MDCN mai kula da likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wanda ya samu shiga, a Jami'ar Ahmadu Bello da ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, ko Bayero, ko Usmanu Danfodiyo, ko Maiduguri, shekara shida ke gabansa a takarda. A zahiri akan haura haka: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Shekarar farko maimaicin kimiyyar sakandare ce, an ɗan ƙara mata gishiri. A ta biyu ake gane wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka turo. Nan ake shigar da ɗalibi ɗakin fiɗa, a tsayar da shi gaban gawa. A tuna, wannan yaro ne da ya tashi inda ake yi wa mamaci wanka da sutura a kai shi makwanci cikin 'yan sa'o'i, inda ko yara ba a cika bari su leƙa ba. Yanzu ga shi riƙe da wuƙar fiɗa, warin sinadarin da ke hana gawa ruɓewa na sa shi hawaye, kuma zai yi watanni yana komawa kan jiki guda, yana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya, yana haddace sunayen Latin da Girkanci na kowane ƙashi da tsoka. Wasu sukan kasa cin nama na ɗan lokaci. Wasu su tafi tambayar malaman addini hukuncin abin. Yawanci gawarwakin na waɗanda ba a samu danginsu ba ne, kuma malamai nagari kan fara da koya wa ɗalibai mutunta su kafin a taɓa komai.

Sai babbar jarrabawar da ke rufe wannan zango, wadda ɗalibai suka fi shakka. Makin ci 50 ne cikin 100, akwai rubutu, akwai tsayuwa gaban farfesoshi a amsa da baki. Wanda ya faɗi ya sake, wanda ya sake faɗuwa ya maimaita aji, daga nan kuma sai a nuna masa wani kwas. Yaron da bai taɓa zuwa na biyu ba a rayuwarsa yakan fara ɗanɗana faɗuwa a nan, kuma sau da yawa ba ya iya gaya wa gida, saboda gida sun riga sun gama shelarsa a unguwa.

Wanda ya tsallake shi ke sa farar riga ya shiga asibitin koyarwa, irin na Shika ko na Malam Aminu Kano. Karatu ya koma bakin gado: a tambayi maras lafiya tarihin ciwonsa, a duba shi, a gabatar wa babban likita yayin zagayen safe, a sha faɗa gaban jama'a in an yi tuntuɓe. Ga kwanan asibiti, ga ɗakin haihuwa da tsakar dare. A nan ɗalibi ke ganin mai naƙudar da aka kawo daga ƙauye bayan ta kwana biyu tana wahala, da mai jijjiga, da yaron da tamowa ta cinye, da uban da aka rubuta wa magani ya tsaya yana juya takardar don ba shi da kuɗin saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. 'Yan mata da dama da ke wannan karatu za su ce maka abin da ya kawo su ke nan, musamman ganin har yanzu akwai mazan da ba sa yarda likita namiji ya duba matansu. A ganina wannan dalili ya fi kowane ƙarko, domin kullum asibiti na sabunta shi.

Mai neman kuɗi kuwa ya yi lissafi da kyau. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, wadda samun gurbinta ma wani yaƙi ne, sai shekarar hidimar ƙasa, sai wasu shekaru na ƙwarewa ga mai so, a kan albashin da ke sa likitoci yajin aiki a kai a kai. Shi ya sa da yawa ke haɗa kaya zuwa Ingila da Saudiyya, har a 2023 aka kai wa Majalisar Wakilai ƙudirin tilasta musu aikin shekara biyar a gida kafin ba su cikakken lasisi, likitoci suka yi masa ca.

Don haka iyaye, kafin ku cike wa yaro fom, ku kai shi asibitin gwamnati mafi kusa ya wuni yana kallo, sannan ku tambaye shi ko har yanzu yana so. In ya ce a'a, ku ƙyale shi ya zaɓi abin da zai iya.