Diyez ɗin da ya ɓace a takardar koral

Mai goge da mai gurmi ba ruwansu da takarda, kunne ne malaminsu. Amma ƴan koral na majami'u, daga Saga har tsakiyar Yamai, da masu busa na fanfar, da ɗaliban cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya, da rubutu suke aiki. Yau kuma rubutun ya koma kwamfuta.

Kuɗin fotokofi ba wasa ba ne, shi ya sa shugaban koral kan matse muryoyi huɗu a jeri biyu: soprano da alto a sama, tenor da bas a ƙasa. Sandar notar soprano na kallon sama, ta alto na kallon ƙasa. A wannan haɗin ne ake yin tuntuɓe.

Diyez na ɗaga nota rabin mataki, bemol na sauke ta, bekar na maido ta yadda take. Alamar da aka sa sau ɗaya tana aiki a kan duk notar da ke wannan gurbin har a kai layin da ya rufe mezir. To, a ce soprano ta rera fa diyez a bugun farko, alto kuma tana da fa diyez a na uku. Da kowacce na jerinta, kowacce na da alamarta. Da aka haɗa su, sai manhaja ta ga an riga an faɗa, ta share ta biyun. Ita kuwa mai alto layinta kawai take bi da ido, ina ta ga alamar maƙwabciya? Sai ta rera fa zalla.

Abin haushin, in ka kunna sautin a kwamfuta daidai za ka ji, domin ita ta san notar. Takardar ce ke yaudara.

A ganina, gara alama ta yi yawa da ta yi kaɗan. A MuseScore, wadda kyauta ce, ana iya ƙara alamar tuni da hannu, a sa ta cikin baka. LilyPond kuma tana da tsarin da ke lissafa wa kowace murya alamominta daban, har ta buga bekar inda wata muryar ta canza notar.

Masu tsofaffin ayyuka a Finale, wadda aka daina sayarwa a 2024, in sun kwashe su ta MusicXML zuwa wata manhaja, su bi kowace murya ita kaɗai, mezir bayan mezir, kafin a kai wa mai fotokofi.