Bazara a Ƙofar Doka: Daga Ƙunar Afrilu Zuwa Hadarin Farko

Da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, babu abin da ake rububi a Ƙofar Doka ta Zariya kamar inuwa. A ƙarƙashin gadar sama da ke bakin ƙofar, 'yan acaba da masu Keke Napep kan jeru suna jiran fasinja, inuwa na gusawa suna gusawa. Mai kankana ya yayyafa wa kayansa ruwa. Yaran da ke tallar fiya wata sun lulluɓe robarsu da jiƙaƙƙen buhu don kada sanyin ya gudu kafin su sayar. Ɗaliban makarantar Alhudahuda da aka tasa suna bin gefen katanga, littafi a ka. Duk wanda ya tsaya gaisawa, bayan "ina wuni" sai "yaya zafi?", a amsa masa da "lokacinsa ne."

Lokacinsa ne kuwa. Zariya a kan tudu take, sama da mita 600 daga doron teku, shi ya sa ƙunarta ba ta kai ta Sakkwato ko Maiduguri ba. Duk da haka, a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 37 ko 38 a ma'aunin Salshiyas, wasu ranakun har ya taɓa 40. A wannan lokaci hazon hunturu ya ja, sama ta washe, kuma wajen tsakiyar Afrilu rana takan ratsa daidai tsakar kan garin. Daga nan sai iska mai laima ta fara hurowa daga Tekun Atilantika. Ita ce za ta kawo damina, amma kafin ruwa ya sauka wahala take ƙarawa: gumi ba ya bushewa a jiki, alhali bushewarsa ce ke sanyaya mutum. Shi ya sa makonnin da hadari ke haɗuwa yana watsewa suka fi kowane lokaci takura, musamman da dare.

Bazarar 2024 ta tsaya wa mutane a rai. Azumi ya kama daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, cikin tsananin ƙuna, Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, kuwa ta yi ta jan kunne game da zafin. A yammacin Sahel abin ya fi muni. Ranar 3 ga Afrilu aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farkon watan. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution da suka bincika lamarin sun ce da ba don sauyin yanayin da ɗan'adam ya haddasa ba, da zafin bai kai haka ba. Azumi dai yana ja da baya da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, yana nufar hunturu. Bazara kuwa tana nan inda take.

Gidan da ke yi wa mai shi fifita

Wanda ya shige Ƙofar Doka ya nufi Babban Dodo, ya ratsa lungunan Ƙwarbai ko Ƙaura, idan ya dace da tsohon zauren ƙasa da tsakar rana, zai ji bambanci tun daga bakin ƙofa. Sanyi ne mai nauyi, babu fanka, babu wuta.

Ba sihiri ba ne, gwaninta ce ta magina. Katangar tubali mai kauri takan sha zafin rana a hankali, ba ta sako shi cikin ɗaki sai dare ya raba, a lokacin kuwa mutanen gida sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Kafin gari ya waye ta huce, ta shirya wa wata ranar. Rufin soro ma haka yake: a jera azarar giginya, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, sannan a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma da laso, haɗin katsin marina da gashin akuya da dafara. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, iska mai zafi ta fice ta nan. Lunguna matsattsu ne, katangar wannan gida tana yi wa na kusa inuwa. A tsakar gida akwai bishiya, a waje ga rimi, wanda Zariya ta yi suna da shi har unguwanni suka ci sunansa, irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa.

Yau bulo da kwano sun mamaye birni, kuma ba a ga laifin kowa ba. Gidan ƙasa yana son yaɓe duk shekara, magina na gargajiya sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Sai dai kwano da tsakar rana kan yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, idan kuma babu silin, kai tsaye yake juye wannan zafi a kan na ciki. Bulo ba shi da kaurin da zai jinkirta komai. Ga gidajen gado da aka rarraba, kowa ya tayar da ɗaki a rabonsa, tsakar gida ta koma ɗan lungu, mangwaron da kaka ta dasa ya tafi a itacen girki. Kwanan waje ma ya ragu, wasu don sauro, wasu don tsoron ɓata-gari. An rasa sanyin da ake samu kyauta, aka koma neman na sayarwa.

Na sayarwar kuwa ba kowa ke iya shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, janareta ya zama na lalura a gidaje da yawa. Masu hali sun sa sola da batir, masu ƙaramin ƙarfi sun sayi fanka mai caji, sauran kuma suna nan da maficin kaba da jiran a kawo wuta.

Akwai gyaran da bai kai kuɗin sola ba. Silin, ko da na kwali ko na tabarma ne, yana tare hucin kwano. Taga biyu masu kallon juna sun fi babba guda ɗaya. Rumfar zana a jikin katangar yamma tana hana ta gasuwa da la'asar. Farin fenti a kan rufi yana mayar da hasken rana, kuma an gwada wannan sosai a birnin Ahmedabad na Indiya, wanda bayan mummunan zafin 2010 ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, ya kuma shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Babu abin da zai hana a gwada haka a ajujuwan firamare da na Islamiyya a cikin birnin Zariya, inda yara ke cunkushe a ƙarƙashin kwano har azahar.

Ruwa, da abin da ke cikinsa

A bazara rijiyoyi kan ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka. An ƙaddamar da sabuwar matatar ruwan Zariya mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana a 2017, amma har yanzu unguwanni da dama da 'yan garuwa suka dogara, kuɗin jarka kuwa zafi yake bi. Haka ƙanƙara: idan azumi ya haɗu da rashin wuta, layin masu sayenta kafin magariba kan yi tsawo, farashi ya ninka.

A nan randa ke nuna darajarta. Jikinta yana tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, bushewar ta janye zafin da ke ciki. Uwargidan da ta san aikinta takan girke randar a kan jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, ta rufe da faifai, ta ware moɗa ɗaya ta ɗiba don kada kowa ya tsoma tasa. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iskar Maris, ƙarfinta kan ragu idan laima ta shigo.

Fura da nono, kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo da jiƙon tsamiya duk suna mayar wa jiki abin da gumi ya kwashe. Haɗarin yana wajen ruwan da aka dama su da ƙanƙarar da aka jefa, domin gudawa a cikin zafi tana saurin kayar da yaro. Idan ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kemis. In babu, a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zafi ba ya bugun kowa daidai. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa musu ruwa. Masu sikila, ƙarancin ruwa a jiki yana tayar musu da ciwo. Masu hawan jini da ciwon ƙoda da mata masu juna biyu ya kamata su ji ta bakin likita kafin azumi, addini kuma ya yi musu rangwame. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi, a dai yawaita ba shi. Sai kuma masu aiki a rana, leburori, 'yan dako, masu tura kura, waɗanda hutun tsakar rana ke nufin rashin na cefane. Tsohon tsarin garin ya san da su: a fita tun asuba, a yi ƙailula, a dawo bayan la'asar. Malamai ma sun san sunnar jinkirta azahar idan zafi ya tsananta.

Idan mutum ya fara jiri, ciwon kai da tashin zuciya, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa. Amma idan jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, wannan ya wuce "rana ce ta buge shi". A kwarara masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti, ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko wanda ya fi kusa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Zazzaɓi mai haɗe da sanƙarewar wuya kuma alamar sanƙarau ce, cutar da ke yaɗuwa a rani cikin ɗakuna masu cunkoso, wadda ta kashe sama da mutum 1,000 a Najeriya a ɓarkewar 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar.

Ranar da gabas ta yi baƙi

Sauƙin da ake jira ba ya zuwa cikin lalama. Wata rana da yamma, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, gabas za ta haɗe, iska ta tsaya cik, sannan guguwa ta taso da jar ƙura da ledoji. Masu tebur a bakin titi su hau tattara kaya, mata su kwashe shanya, a kora awaki ciki. Wannan iska da ke gaban ruwa ita ce ke yaye kwano, ta karya turakun wuta, ta kayar da rassan tsofaffin bishiyoyi. Rufin da ta fi samu shi ne wanda gara ta ci katakonsa, ko aka yi rowar ƙusa, ko aka bar bakin kwanon a sake ba a danne shi da gini ba. Duba rufi aikin Maris ne, ba na ranar hadari ba. Idan kuma ana tsawa, gindin bishiya ba mafaka ba ne, wayar wutar da ta faɗo kuwa a ɗauka da wuta a jikinta.

Gidan ƙasar da ya yi wa mai shi rana a bazara, yanzu shi ke neman a biya shi. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya tara ruwa a kan soro, ya jiƙa azara, rufi ya rufto cikin dare. Ruwan da ke kwanciya a gindin katanga yana cin ta daga ƙasa. Siminti da aka shafa a kan laka kuma yana iya ɓoye ɓarna, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita. Zazzagawa ba za su manta da Juma'a, 11 ga Agustan 2023 ba, ranar da wani sashe na babban masallacin Juma'a na fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa aƙalla mutum bakwai. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsaga a ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin gyara abin ya faru. Tsagar da ta bayyana a damina ba ta jiran a tara kuɗi, fitar da mutane daga ɗakin shi ne farko.

Sai maganar inda ruwan zai bi. Kududdufan da ke cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, amma su ne kuma ke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako. Da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai, lambatu kuma sun toshe da ledar fiya watan da aka sha a bazara. Ruwan da ya rasa kududdufi, ɗakin wani zai shiga. Zariya ba ta ga irin abin da ya sami Maiduguri ba a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, amma mazauna kusa da kogin Kubanni da masu gida a kwari sun san yadda ake kwana ana kwalfe ruwa da bokiti.

NiMet kan fitar da hasashen daminar kowace shekara tun farkon shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa a kowace jiha, gidajen rediyo kuma suna karanta gargaɗinta da Hausa. Wannan ya ba masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa makonni su kira gayyar yashe lambatu kafin ruwan farko. Abin da ke kashe gayyar shi ne barin dattin da aka yaso a tule a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kwashe shi aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ya kamata a tsayar da ranar zuwan motar shara tun kafin a sa ranar gayya.