Itacen Da Ke Bayan Ƙamshin Dafa-Duka

Uwargida, in kin sauke dafa-duka, akwai wani busasshen ganye da kike tsamewa ki yar kafin ki zuba wa maigida. Belif muke ce masa a kasuwa, Larabawa kuma su ce gar. To, yau a gindin itacensa za mu yada zango.

Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kuma akasarin wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga Turkiyya yake fitowa. Ba ya kaɗe ganye, rani da damina kore shar yake. Da man 'ya'yansa mutanen Halab ta ƙasar Siriya ke haɗa man zaitun su yi sabulun nan nasu da ya yi suna. Ka murza ɗanyen ganyen a tafin hannu ka shinshina, za ka ji ya ɗauko ƙamshin itacen turare. Wanda ya taɓa jin wannan, na cikin leda ba zai ƙara burge shi ba.

Sai dai mai gaggawa ba ya rainonsa. Irinsa kan yi watanni bai tsiro ba, shi ya sa masu lambu suka fi son dasa reshe. A ƙasarsa yakan haura mita 10, amma a tukunya mita 1 zuwa 2 ya ishe shi, kuma a wajenmu tukunyar ce dabara. A samo ta ƙasa, a huda gindinta, a cakuɗa yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada a yi ta ɗura masa ruwa don tausayi. Saiwarsa ruɓewa take in ruwa ya kwanta. Ki tsoma yatsa, in saman ƙasar ya bushe, sannan ki ba shi.

Babban abokin gabarsa a nan shi ne zafin bazara. Ranar Maris da Afrilu takan ƙone bakin ganyen, don haka ya sha hantsi, da azahar a ja shi inuwa. Mutanen Jos da Mambila, ku kam kun huta da rabin wannan wahala.

In ya kafu, a riƙa tsinkar ganye kaɗan-kaɗan, a shanya a inuwa 'yan kwanaki. Ɗanyen yana da ɗaci, shanyawa ke kwantar da shi.